Ƙafar Gwaggo Marj

Litinin, 5 ga Yuni

Ƙwai uku. A nan Yuni tsakiyar hunturu ne. Ruwan kaji ya daskare, sai da na fasa shi da dunduniyar takalmi.

Gwaggo Marj ba ta fito tare da sauran ba. Da ta fito kuma sai ɗingishi, ta taka ƙafar hagu ta ɗage kamar wadda ta taka garwashi. Ita ce babbar baƙar kazar da mijina Clarrie ya fi so cikin kajinsa shida. Sunan ƙanwar babansa ya sa mata, wai tafiyarsu ɗaya, ƙirji a gaba, ba a ce musu matsa. Na tsaya ina kallonta har shayina ya huce.

Yau sati goma sha ɗaya da rasuwarsa.

Talata, 6 ga Yuni

Na so in kama ta in duba. Da ƙafa ɗaya ma ta fi ni gudu.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kullum da kaji a bayan gida, amma ban taɓa riƙe kaza mai rai ba. Kaji nasa ne, nawa ƙwai da tukunya. A asibiti, ranar Asabar ɗin ƙarshe da yake iya magana, ya ce min, "Noelene, ki kula min da 'yan matan nan." Na ce to. Ban tambaye shi yadda ake yi ba. Wa zai tsaya tambayar abincin kaji a irin wannan wuri?

Alhamis, 8 ga Yuni

Na kira Desley ta kan shinge. Ita ce maƙwabciyata, mai awaki, bakinta ba ya hutawa. Ta ce kaza ba a bin ta da gudu sai wanda ba shi da aikin yi, a bari su shiga kwana da yamma a ɗauke ta kamar tuffa a reshe.

Muka shiga akurkin da ƙarfe biyar saura. Sandar da suke kwana a kai tana can sama, daidai ƙirjin Clarrie, ni ko na yi ɗage ba na iya ɗauko kaza daga kai. Sai da Desley ta kifa bokiti ta hau.

"Wannan sanda don kaji aka kafa ta ko don mikiya?" in ji ta.

Ta dubi ƙasa kuma ta ce daɓen nan ya fi kicin ɗinta tsabta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sati biyu bayan jana'iza na rasa abin da zan yi da hannuna, na ɗauki shebur na kwashe duk tulin dusar katakon da ke ciki, baro biyar, har sai da siminti ya fito. Tun daga nan kullum ina sharewa.

A tafin ƙafar Gwaggo Marj akwai baƙin ɓawo kamar ƙwayar wake, gefensa ya kumbura, da zafi. Desley ta ce ɗan yanka ne ko ƙujewa, datti ya shiga, ya dunƙule a ciki ya yi tauri. A jiƙa ƙafar a ruwan gishiri mai ɗumi sau biyu a rana har ɓawon ya yi laushi, sannan a cire.

Na ce in bai yi ba fa?

"In kumburin ya haura gwiwa, gatari ne, ƙawata. Kada ki bar ta tana wahala don ki ji daɗin ranki."

Na ɗauki bokitin na fito.

Juma'a, 9 ga Yuni

Na sa ta a ɗakin wanki, cikin kwalin tuffa da tsohon bargo. Na jiƙa ƙafar a kwanon da nake kwaɓa burodi, don shi ne daidai. Na zata za ta yi ta fizge-fizge. Da ɗumin ya ratsa ta sai ta lumshe ido, ta saki jiki a hannuna, tana wani ƙaramin gunaguni a maƙogwaro. Nauyi gare ta. Ƙarƙashin fiffikenta ɗumi kamar jariri.

Minti goma sha biyar. Na ba ta labarin matan coci da miyar kabewar da suka cika min firiji da ita. Ba ta ce komai ba, shi ya sa na fi son hira da ita.

Lahadi, 11 ga Yuni

Bronwyn ta bugo waya daga birnin Hobart. 'Yata ce, ba na shakkar ƙaunarta, amma in ta fara tsara wa mutum rayuwa ba ta shan numfashi.

"Mama, kaza a ɗakin wanki? A kwanon burodi?"

Ta ce akwai wata a wurin aikinsu mai gona, za ta karɓi duka shidan. Ta ce ɗakin baƙi yana nan, in zo ko zuwa ƙarshen sanyi. Ta ce Baba ba zai so in riƙa fasa ƙanƙara da asuba ni kaɗai ba.

Na ce babanki ya gaya min abin da yake so da bakinsa.

Sai ta ce, "To, Mama. Amma in kazar nan ta mutu kada ki ɗora wa kanki." Na ji muryarta ta canza, ni ma tawa, muka koma maganar ruwan sama.

Litinin, 12 ga Yuni

Ƙwai biyu. Ɓawon ya fara ɗagawa a gefe.

Laraba, 14 ga Yuni

An yi.

Na shimfiɗa jarida a teburin kicin, na dafa hantsakin cire gira a tukunya, na kawo aidin na wanke ciwo, auduga, bandeji, da kwalbar zumar da Clarrie ya sayo a kasuwar Asabar bara. Desley ta zo da tawul ta naɗe Gwaggo Marj har kai, ta kwantar da ita a gefe, ƙafar kaɗai a waje.

Na miƙa mata hantsakin. Ta nuna min yatsunta da sanyin ƙashi ya murɗe.

"Da waɗannan? Maɓallin rigata ma sai na yi addu'a. Ke ce mai ɗinki, ke za ki yi."

Na ce ba zan iya ba.

"Shekara nawa kina cire wa mijinki sartse a hannu? Ki ɗauka shi ne, sai dai wannan ba za ta yi miki raki kamarsa ba."

Gaskiya ce. Duk tsayinsa, in ya ga allura sai ya kau da kai yana kallon taga.

Na kama bakin ɓawon na ɗaga a hankali. Jini kaɗan. Na ɗauka mugunya za ta fito kamar ta maruru, ashe ta kaza ba haka take ba, tauri gare ta. Desley ta ce in matsa daga gefe, ba daga sama ba. Na matsa. Kazar ta yi motsi sau ɗaya a cikin tawul. Na sake matsawa, sai ga abin ya fito, rawaya-rawaya, kamar ƙwayar masara. Ya bar rami a tafin da zan iya sa kan ƙaramin yatsana.

Na wanke da aidin, na cika ramin da zuma, na ɗora auduga, na bi da bandeji tsakanin yatsu har sama. Desley ta ce kada in ɗaure da ƙarfi, in taɓa yatsun bayan awa ɗaya, in sun yi sanyi in kwance in sake.

Da muka buɗe tawul ta miƙe, ta girgiza, ta dubi Desley da ido ɗaya, ta yi mata kashi a kan jarida.

"Haka Marj ta ainihi take gode wa mutane," in ji Desley.

Na yi dariya har na zauna. Daga nan abin ya juye kuka, na kasa dainawa. Desley ta ɗora ruwan shayi, ta share teburin.

Asabar, 17 ga Yuni

Na canza bandeji ni kaɗai. Na matse ta a hammata kamar yadda nake ganin Clarrie yana yi ta taga. Ramin ja ne mai kyau, ba wari. Na bugo wa likitar dabbobi na kwatanta mata, ta ce in ci gaba haka, in kumburi ya ƙaru ko ta daina ci in kawo ta.

Yatsu da ɗumi.

Talata, 20 ga Yuni

Shirl, jar nan mai hayaniya, ita ma ta fara ɗingishi. Na hau bokiti da yamma na sauko da ita. Tafin dama ya yi ja yana sheƙi, baƙin ɗigo ƙarami a tsakiya. Na duba sauran huɗun, biyu ƙafarsu ta ƙuje.

Shekara da shekaru a hannun Clarrie ban taɓa jin an ce ƙafar kaza ta yi ciwo ba. Wata uku a hannuna.

Desley ta ce datti ne ke shiga, to na fitar da su na wanke daɓen da ruwan zafi da maganin wanke banɗaki, na goge da buroshi har gwiwoyina suka yi tsami. Ko tsinke ban bari ba.

Asabar, 24 ga Yuni

Ina shanya sai ga tsohuwar mota a ƙofa. Athol ne, wanda suka yi aiki tare da Clarrie a injin yankan katako shekara talatin. Ban gan shi ba tun a maƙabarta. Ya cire hula yana murza ta.

"Uwargida, na ce bari in kawo da kaina. Kullum Asabar muna ajiye masa buhu biyu, har yanzu yaran ba su daina cikawa ba. Sun taru sun tare mana hanya."

Buhunan dusar katako ne, guda takwas a bayan motar.

Na san Clarrie yana zuwa can duk Asabar. Na ɗauka hira ce da giya ke kai shi, dusar kuma hujja ce kawai. Abin da muka fi yin faɗa a kai ke nan a gidan nan. Ya shigo da ita a takalmi, a aljihu, a naɗin wando, in share ya sake kawowa. Sau nawa na kore shi daga kicin da tsintsiya.

Athol ya ɗauki buhu ɗaya a kafaɗa ya bi ni akurkin. Ya tsaya a ƙofa. Ya dubi siminti, ya dubi sanda, ya sake duban siminti. Mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa rai, sai da ya yi ta sosa ƙeya.

"Daga can suke dirowa a kan wannan?"

Na ce i.

Ya ce tun da gungume ya bugi Clarrie a baya ba ya iya sunkuyawa, shi ya sa ya kafa sandar daidai ƙirjinsa, don ya riƙa ɗaukarsu da yamma yana duba su a tsaye. Ya san ta yi wa manyan kaji tsayi. Kaza mai nauyin Marj in ta diro daga nan kullum da safe, tafin ne ke ɗaukar dukan. Shi ya sa yake tara dusa har ta kusa rabin ƙauri, su faɗo a kan laushi.

"Yakan ce mana katifar 'yan mata ce. Yakan ce kada mu yarda ki san yawan da yake kwasa, za ki kai mu ƙara."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

Mun zuba buhu shida. Ƙamshin ya tashi, ƙamshin rigar Clarrie in ya dawo daga aiki. Na ce wa Athol ya sha shayi, ya ce matarsa na jira. Na san ya ga fuskata ne.

Lahadi, 25 ga Yuni

Ni ce. Garin neman gira. Baro biyar na kwashe, har ina jin daɗi an yaba.

Ban je coci ba.

Laraba, 28 ga Yuni

Shirl ta ji sauƙi da jiƙawa kawai, ba sai an buɗe ba. Ta Marj ramin ya kusa cikewa, amma ta daina cin abinci sosai. Tana jin sauran a waje, ta tsaya a bakin kwali tana kira. Ko masara ta juya wa baya.

Desley ta ce kaɗaici ne, kaza ba ta zama ita ɗaya, a mayar da ita. Amma a fara sauke sandar zuwa gwiwa.

"Sabuwar fata ce a tafin nan, Noelene. Ko a kan gashin tsuntsu ta diro daga can sai ta fashe."

Na ce ai an zuba dusa.

"An zuba. Kuma ke za ki yi ta hawa bokiti har ranar da za ki faɗo in same ki a nan kaji na tsattsagar ki?"

Na nuna mata ginshiƙin. Rubutun Clarrie na fensir yana nan, layin da ya ja, da lambobinsa masu karkata, da inda ya yi kuskure ya soke. Shi ya buga kowace ƙusa. Wannan da teburin kicin ne abin da ya rage da hannunsa a kai. Sauran duk Bronwyn ta kai wa masu karɓar kayan sadaka, ban da ɗakin kayan aikinsa da na hana a taɓa, ni ma ban buɗe ba.

"Katako ne," in ji Desley.

Na ce ta tafi awakinta na kuka. Ba su kuka.

Asabar, 1 ga Yuli

Jiya na mayar da Marj akurki ba tare da na taɓa sandar ba. Na ce ƙila ta kwana a ƙasa, tun da da bandeji. Da yamma na leƙa, tana can sama a tsakiyarsu, wurinta na kullum. Yadda ta hau ban sani ba. Na yi niyyar riga ta tashi in sauko da ita da hannu.

Ta riga ni. Da na buɗe ƙofa tana tsaye a kan ƙafa ɗaya, bandejin ya jiƙe da jini.

Tafin ya tsage daidai inda ya warke. Na wanke, na sa zuma, na ɗaure. Abin da ya ba ni haushi, na iya yanzu. Ta koma kwali. Ta kalle ni kawai.

Lahadi, 2 ga Yuli

Kumburi kaɗan a sama da yatsu. Bai kai gwiwa ba. Na auna da zare na ƙulla, don kada in ruɗi kaina gobe.

Litinin, 3 ga Yuli

Zaren bai matse ba. Ta ci rabin dafaffen ƙwai.

Clarrie ya ce in kula da 'yan matan. Bai ce in kula da sanda ba. Tun safe nake juya wannan.

Talata, 4 ga Yuli

Makullin ɗakin kayan aikin Clarrie yana cikin gwangwanin shayi inda yake ajiye shi. Ƙofar ta cije, sai da na sa kafaɗa.

Komai na nan. Kofinsa da busasshen shayi a gindi. Tabaraunsa a kan benci, a buɗe, kamar ya fita ɗauko wani abu. Sai na ɗauki zarto, guduma, da guntun fensir da ke maƙale a ƙusa, na fito.

Ƙusoshin da ya buga wa sandar sun ƙi fita. Mutumin nan in ya buga abu kamar ba za a yi gobe ba. Na haƙura na yanke sandar ta gefe biyu da zarto, awa ɗaya da rabi, kafaɗata kamar za ta cire. Na auna daidai gwiwata na ja layi a ƙasan nasa. Na buga ƙananan katakai biyu na ɗora ta a kai, na goge ta da takarda mai yashi don kada sartse ya shiga ƙafarsu. Ta ɗan karkata hagu.

Desley na kan shinge tun da ta ji ƙarar zarto. Ba ta zo ba sai da na gama. Ta dafa sandar ta girgiza.

"Da yana nan da ya ce kafinta ya sha giya."

Na ce da yana nan da ba ni na yi ba.

"Haka ne," ta ce. Ta kawo min kek ɗin tuffa da yamma, ƙasansa ya ƙone kamar kullum.

Guntayen tsohuwar sandar suna nan a sama manne da ginshiƙi, da ƙusoshinsa. Na bar su.

Alhamis, 6 ga Yuli

Biyar ɗin sun yi ta zagaye suna kallon sama kamar an sace musu gida. Shirl ce ta fara hawa. Sauran suka bi.

Zaren ya yi sako-sako.

Asabar, 15 ga Yuli

Ƙwai huɗu. Ɗaya babba mai duhu, na Marj ne, na farko tun watan Mayu.

Na cire bandejin ranar Laraba. Tabo ne kawai, fari, ya ɗan lotsa. Ta koma cikin sauran, da safe ta sauko daga sandar kamar mai saukowa daga matakala, ta ture Shirl daga bakin kwano. Ɗingishin bai tafi duka ba. Desley ta ce ni ma haka nake tafiya kuma ba wanda ya kawo gatari.

Yanzu da yamma nakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya in juya ƙafafun in duba. Ƙafa goma sha biyu. Ba sai da bokiti ba.

Bronwyn ta tambaya ko in zo ƙarshen wata. Na ce ita ta zo, ta taho da takalmin roba.

Da safe na tuƙa motar Clarrie zuwa injin katako. Na manta yadda kujerar take nesa da sitiyari, sai da na jawo ta gaba. Athol ya ɗora min buhu biyu. Ma'aikatan suna shan shayi a kan gungume, suka matsa min wuri, suka ba ni a wani kofi mai tsagaggen baki. Wani ya fara ba da labarin ranar da Clarrie ya tsere wa allurar rigakafi ya ɓuya a bayan tulin katako. Ban taɓa ji ba. Na zauna har aka gama, har aka fara wani.

Da na dawo na zuba dusar, na shigo na ɗora ruwa. Sai na ga sawuna daga ƙofa har gaban murhu, dusa a ko'ina, har a kan tabarmar da na wanke jiya.

Tsintsiya na nan bayan ƙofa. Na gaji ne kawai. Gobe na share.